Yini Uku a Dockyard ta Bermuda: Abin da Ya Cancanci Kuɗin Baƙo da Lokacinsa

Jirgin ruwan shaƙatawa da ya ɗauko mu daga New York, ni da uwargidana da 'yarmu ta fari wadda ita ce ta ɗauki nauyin tafiyar, ya yi yini biyu cur a kan Tekun Atlantika ba mu ga ƙasa ba. Da asubahin ranar isowa, bayan na idar da salla, na hau can saman jirgin na tarar ya rage gudu ƙwarai, yana bin gefen arewacin Bermuda a hankali kamar mai ratsa ƙaya ba takalmi, fararen rufin gidaje suna wucewa ta hannunmu na hagu. Abin da ya jawo wannan sanɗa shi ne duwatsun murjani da suka kewaye tsibiran ta ƙarƙashin ruwa, waɗanda suka ci ɗaruruwan jirage tun daga ƙarni na 16. Babban jirgi ba shi da mashiga sai ta wata siririyar hanya a gabas kusa da garin St George's, daga nan kuma sai ya bi tsawon ƙasar baki ɗaya kafin ya kai matsayarsa a ƙurewar yamma. Wannan matsaya ita ce tsohon sansanin gyaran jiragen yaƙin Birtaniya da ke tsibirin Ireland na Bermuda, wanda mutanen ƙasar suke kira Dockyard kawai. A nan jirginmu ya yi yini uku a ɗaure, muna fita da safe muna komawa cikinsa mu kwana, kuma game da wurin nake son in faɗi abin da na gani. Tun kafin mu taso 'yan'uwan Hajiya sun cika mata kunne da labarin yankin tekun Bermuda da ake cewa yana haɗiye jirage, amma abin da ya haɗiye mana a wannan tafiya bai wuce abin da ke cikin aljihu ba.

Matsaya biyu ce ake ɗaure manyan jirage, King's Wharf da Heritage Wharf wadda aka buɗe a 2009, kuma nan ake kawo su ne saboda mashigin Hamilton, babban birnin ƙasar, da na St George's sun yi wa jiragen zamani kaɗan. Sauka ba ta da wahala ko kaɗan. Mutum yana fitowa ya taka ɗan gajeren titi a bakin ruwa, sai ya samu kansa a tsakiyar manyan gine-ginen dutse masu launin toka, da tashar bas da ta jirgin fito da wurin sayen tikiti duk a jere, ba mai jan rigarsa, ba mai cusa masa kaya a hannu. Wanda ya taɓa sauka a wasu tashoshin da 'yan kamasho ke yanyame baƙo tun ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba zai san darajar wannan natsuwa. Wurin tsaf yake, akwai banɗakunan jama'a masu kyau, akwai kuma wata ƙaramar mota mai jan tarago da ke zagayawa da mutane cikin harabar, wadda ta yi wa Hajiya rana saboda ciwon gwiwa.

Kuskuren da na ga yawancin abokan tafiyarmu sun yi shi ne ɗaukar Dockyard a matsayin ƙofa kawai, su ratsa ta da gudu zuwa bakin rairayi, su dawo da yamma su sayi riga mai rubutu su shige jirgi. Wanda ya yi haka ya wuce abin da ya fi komai daraja a wurin, wato ganuwar da ke ƙurewar tsibirin, wadda ake kira Keep, inda Gidan Tarihin Ƙasar Bermuda yake. Ana biyan kuɗin shiga, kuma a duk abin da na kashe cikin yini ukun nan babu wanda na ji ya biya ni kamarsa.

Kafin a fahimci abin da ke cikin ganuwar sai an san dalilin gina sansanin. Da Amurka ta ƙwaci kanta, yaƙin ya ƙare a 1783, Birtaniya ta wayi gari ba ta da tashar jiragen yaƙi ko ɗaya tsakanin Halifax ta Kanada da tsibiran Karebiyan. Bermuda kuwa tana zaune a tsakiyar teku, kimanin kilomita 1,000 daga gaɓar Amurka, wuri mai kyau na sa ido a kan tsohon ɗa da ya zama abokin gaba. Wani hafsan sojan ruwa, Thomas Hurd, ya shafe shekaru yana auna zurfin ruwa a tsakanin duwatsun murjani har ya gano hanyar da manyan jirage za su bi, irin wadda muka biyo da asuba, sannan a 1809 hukumar sojan ruwan Birtaniya ta sayi fili a tsibirin Ireland aka fara aiki. Ba a daɗe ba wurin ya nuna amfaninsa ga masu shi, domin daga Bermuda rundunar da ta kai wa Washington hari a 1814, ta cinna wa fadar White House wuta, ta taso. Na ga Amurkawa da dama, waɗanda su ne mafi yawan fasinjojin jirginmu, sun tsaya suna karanta wannan bayani suna dariyar yaƙe.

Mutum yana shiga Keep ta wata ƙofa mai kauri, sai ya faɗa fili mai faɗi da ɗakunan ajiyar albarushi da harsasai a gefe, an gina su da rufin bulo mai lanƙwasa, cikinsu da sanyi ko da rana ta take. A cikinsu aka jera abin da masu ninƙaya suka tsamo daga jiragen da suka nutse: tsabar zinariya da azurfa ta Sifaniyawa, tukwane, igwa, da kayan auna hanya na matuƙan dā. Daga nan hanya ta hau tudu, kuma a kan ganuwar, tsakanin manyan igwa da suka juya baki ga teku, sai ga tumaki suna kiwo hankali kwance. Su ne masu yankan ciyawar wurin. Hajiya ta tsaya ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ce, "Alhaji, waɗannan da a gida suke da tuni an yi musu kuɗi, Babbar Salla ta matso." Wannan ne karo na farko da na ga ta saki jiki tun da muka hau ruwa.

A ƙolin tudun akwai Gidan Kwamishina, wanda aka gina a shekarun 1820 domin shugaban sansanin, bisa zanen Edward Holl. An san shi da cewa yana cikin gidajen zama na farko a duniya da aka zuba ginshiƙansu da ƙarfe a masana'anta, a Ingila, aka ɗauko su a jirgi aka zo aka haɗa a nan, sannan aka yi bango da dutsen ƙasar. Baranda ta kewaye shi ta kowace fuska, kuma daga benensa ana ganin ruwa kala uku, kore a kusa, shuɗi mai haske a kan murjani, da shuɗi mai duhu inda zurfi ya fara, ga kuma jirginmu can ƙasa ya fi kowane gini a wurin tsayi. A wani zaure mai matakala a cikin gidan, wani mai zane ɗan ƙasar, Graham Foster, ya cika bango tun daga ƙasa har rufi da tarihin Bermuda na shekara 500, aikin da ya ci masa fiye da shekara uku, kuma Sarauniya Elizabeth ta Biyu ce ta buɗe shi a 2009, kamar yadda ita ce ta buɗe gidan tarihin kansa a 1975. Zanen ya cunkushe da ɗaruruwan mutane da jirage da tsuntsaye, ta yadda duk wanda ya ce minti biyar zai yi a gabansa zai tarar rabin sa'a ta wuce.

Amma ɗakunan da suka riƙe ni su ne waɗanda suka yi bayanin masu aikin ginin. Da farko bayi ne baƙar fata, waɗanda iyayengijinsu suke ba da hayarsu ga hukuma su karɓi ladan, tare da 'yantattun ma'aikata, har aka haramta bauta a ƙasar a 1834. Tun daga 1824 kuma aka fara kwaso fursunoni daga Birtaniya da ƙasar Ireland, aka ci gaba har 1863, kimanin mutum 9,000 a jimlace. Ba a gina musu kurkuku a tudu ba da farko. A cikin tsofaffin jiragen yaƙi da aka cire wa filafilai aka ɗaure a bakin ruwa ake tsare su, cikin zafi da cunkoso, da safe a fito da su fasa dutse, da yamma a mayar. Kusan 2,000 daga cikinsu a nan suka mutu, da yawa ta dalilin cutar shawara da sauro ke yaɗawa, wadda ta yi mummunar ɓarna a 1853. A cikin wani akwatin gilashi an jera ƙananan abubuwan da aka tono daga ƙarƙashin ruwa inda ɗaya daga cikin jiragen nan ya daɗe a ɗaure: lofe, maɓallai, da 'yan sassaƙe-sassaƙe na ƙashi da dutse da fursunonin suke yi a ɓoye su sayar. Na tsaya a kan wani ɗan sassaƙe da bai kai tsawon babban yatsana ba, an goge shi sumul, ina tunanin irin haƙurin da ya yi shi a cikin duhun cikin jirgi, da hannun da ya wuni yana riƙe da guduma. Da na fito na ɗora tafin hannuna a jikin ganuwar, na ga sawun kurfi a kan kowane dutse, kuma daga lokacin ban sake iya kallon kyawawan gine-ginen wurin kamar yadda na kalle su da safe ba. Akwai kuma sashe na musamman a kan cinikin bayi da zamansu a Bermuda, da sarƙoƙi da takardun sayarwa, wanda duk ɗan Afirka ta Yamma ya kamata ya ba shi lokaci. Yabon da zan yi wa gidan tarihin shi ne bai lulluɓe wannan ɓangare don kada ran masu yawon shaƙatawa ya ɓaci ba.

A cikin harabar Keep ɗin akwai wani tafki da jiragen ɗaukar albarushi suke shiga a dā, yanzu an zuba dabbobin ruwan nan da ake kira dolfin, ana biyan kuɗi mai yawa a yi iyo da su. Mun tsaya mun kalla daga gefe mun wuce.

Washegari ni kaɗai na hau bas zuwa maƙabartar sojan ruwa da ke ɗan gaba kaɗan da ƙofar sansanin, wadda aka fara binne mutane a cikinta a 1812. Tana cikin wani kwari mai inuwa, kuma rubutun da ke kan duwatsun ya nuna yawancinsu samari ne, wasu sun faɗo daga saman jirgi, wasu shawara ta kwashe su cikin mako ɗaya. Ta fursunoni daban take, can gefe, kaburbura ƙalilan ne ke da alama. Ban tarar da kowa ba a duka biyun, alhali a daidai lokacin dubban mutane suna layin motar zuwa rairayi.

Sansanin ya ci gaba da aiki fiye da ƙarni ɗaya. Da yake dutsen Bermuda yana tsotse ruwa, ba a iya haƙa ramin da za a shigar da jirgi a kwashe ruwa a gyara ƙasansa ba, don haka a 1869 aka ƙera wani makeken dandamalin ƙarfe mai yawo a kan ruwa a Ingila, aka jawo shi da jiragen yaƙi aka tsallako da shi teku, kuma a lokacin babu kamarsa girma a duniya. Wurin ya yi hidima a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, sannan aka rufe mafi yawansa a 1951, aka bar ɗan ƙaramin ofishi har 1995. Gine-ginen sun yi shekaru suna lalacewa kafin gwamnatin Bermuda ta kafa hukumar raya yankin a 1982, ta fara mayar da rumbuna da maƙeru kantuna da wuraren cin abinci. Babban barikin sojan da ke hagu in an shigo ta ƙofa ma kurkukun ƙasar ya zama na tsawon shekaru, har tsakiyar shekarun 1990.

Ginin da ya fi ɗaukar ido shi ne babban rumbun 1856 mai hasumiya biyu, kowace tsayinta ya kai mita 30, da agogo a jikin kowace. Na ɗauka ɗaya ya lalace ne da na ga hannu ɗaya gare shi kuma bai dace da ɗan'uwansa ba, sai 'yata ta ce, "Baba, wancan ba na lokaci ba ne, an yi shi ne don ya nuna wa matuƙa sa'ar da teku zai cika." A ƙasan ginin yanzu kantuna ne. Nan ne ra'ayina ya rabu biyu, domin ginin ya cancanci a shiga ko don a ga kaurin bangonsa, amma kaya da yawa da na ɗaga a wasu kantunan harabar, na riguna da huluna da kofuna, an rubuta musu Bermuda a gaba, a ƙasa kuma sunan wata ƙasa mai nisa inda aka yi su. Wanda ke neman tsaraba ta gaske ya nufi tsohon ɗakin ƙera ganguna, inda masu sana'ar hannu na ƙasar suke baje kolinsu, musamman sassaƙen itacen sida na Bermuda mai jan launi da ƙamshi. Itacen yana da tsada saboda wani ƙwaro ya kashe mafi yawan bishiyoyinsa a shekarun 1940. A lokacin da muka je akwai kuma wurin da ake narka gilashi ana hura shi a gaban jama'a, kallon kyauta ne, kuma duk da zafin wutar mun daɗe a tsaye.

Maganar abinci tana bukatar gargaɗi biyu. Na farko tsada. Dalar Bermuda daidai take da ta Amurka, ana karɓar kowace, kuma da yake kusan komai a jirgi ake shigo da shi, farashi ya fi na New York a abubuwa da dama. A wani gidan abinci da muka zauna ranar farko, lokacin jirage biyu suna ɗaure, mun jira kusan sa'a guda kafin a kawo abin da muka nema, ya zo da ɗan sanyi, sannan takardar kuɗin ta zo an riga an ɗora ladan hidima a kai, abin da yake al'ada ce a ƙasar, don haka a duba kafin a ƙara wani. Na biyu ya shafi Musulmi. Miyar kifin da ƙasar take alfahari da ita ana ɗiga mata barasar rake da wani yaji da aka jiƙa cikin giya, kek ɗin da ake tallatawa ko'ina a wurin shi ma da barasa ake yin sa, kuma ana miƙa wa mai wucewa ɗanɗano kyauta, saboda haka tambaya ta zama dole. Abin da muka ci muka ji daɗi shi ne soyayyen kifi da ake cusawa tsakanin yanka biyu na burodi mai busasshen inabi, haɗin da na yi wa kallon raini kafin in ɗanɗana, guda ɗaya kuma ya ishi mutum biyu. Wurin salla ban gani ba a harabar, muna komawa jirgi ne tun da yana kusa. Masallaci yana Hamilton.

Zirga-zirga kuwa sai yabo. Jirgin fito yana kai mutum Hamilton cikin kamar minti 20, yana ratsa ruwan da aka yi gasar tseren jiragen filafilai ta Kofin Amurka a 2017, alhali bas yana cin kusan sa'a guda saboda sai ya zagaya ta gadojin da suka haɗa tsibiran. Bas mai lamba 7 shi ke bi ta gaɓar kudu ya sauke mutane a Horseshoe Bay mai rairayi ruwan hoda, mai lamba 8 kuma ya bi ta tsakiya, kuma tikitin yini ɗaya yana aiki a bas da jirgin fito duka. Ba a ba baƙo hayar mota irin ta kowa a Bermuda, sai babur ko wata 'yar ƙaramar motar lantarki mai kujera biyu, ga tuƙi ta hannun hagu a kan tituna matsattsu masu kwana, don haka ban ba dattijo shawarar gwadawa ba. A tafiyar bas ɗin ne na lura da kyau da rufin gidajen, fari fat, an yi shi hawa-hawa kamar matakala. Ƙasar ba ta da kogi, saboda haka kowane gida yana tare ruwan sama daga rufinsa ya bi ta indararo ya sauka cikin tanki a ƙarƙashin ɗaki, kuma doka ce ta wajabta hakan. Duk wanda ya taɓa jera bokitai a ƙarƙashin indararo da damina zai gane dabarar nan take, sai dai su sun mayar da ita tsarin gini.

Akwai ɗan bakin rairayi a cikin Dockyard ɗin kanta, a gindin ganuwa, wanda ake biya kafin a shiga. Ya dace da mai ƙananan yara da ba ya son tafiya mai nisa, amma kiɗa ya yi yawa, kuma bai kama ƙafar na gaɓar kudu ba.

Cunkoso yana da lokacinsa. Daga hantsi zuwa azahar, musamman ranar da jirage biyu suka haɗu, layin bas da na jirgin fito yana tsawo a cikin rana, inuwa kuma ba ta wadatar ba. Da la'asar sakaliya kantuna suna fara rufewa, wurin ya yi tsit, kuma a ganina lokacin ne ya fi kyau, domin a sa'an nan ake iya tafiya a farfajiyar rumbunan abinci na dā, tsakanin dogayen bangaye, mutum yana jin ƙarar takunsa. Wanda zai je ya shiga gidan tarihin da zarar an buɗe, ya ware masa sa'a uku aƙalla, ya sa takalmi mara tsini saboda hawa da gangara, ya riƙe ruwan sha da hula. Mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar ya tabbatar bizarsa ta Amurka, ko ta ƙasar da zai taso daga cikinta, mai ba da damar shiga fiye da sau ɗaya ce, tun da zai fita ya sake komawa.

In da za a ce in ba da maki, gidan tarihin da tsarin sufuri sun ci cikakke, tsafta da kwanciyar hankali haka, kantuna da abinci kuwa rabi. Zan sake zuwa in Allah ya nufa, amma zan ci abincina a jirgi, in kashe kuɗin a ƙofar Keep. Ranar tashi da la'asar Hajiya ta sa na raka ta saman jirgin, muna fita daga matsaya tana leƙen kan ganuwa ko za ta hango tumakinta, ni kuma ina ƙirga tagogin Gidan Kwamishina har jirgin ya juya gabas ya kama hanyar da Hurd ya auna.